Kabarin Tunau a Tsakiyar Gulbi

Tun zamanin da Gulbin Gilma yake gudu cikin kurmi, babu gada, babu hanyar fatake, sai sawun giwa da na ɓauna, an yi wani mafarauci da ake kira Tunau, da ƙanwarsa Ayashe. Ba a cikin gari suke zaune ba. Bukkarsu tana kan wani tsibirin yashi a tsakiyar gulbin, wanda yake fitowa da rani, ruwa ya shanye shi da damina. In ruwa ya taso sai su kwashe tukwanensu su koma cikin kwalekwale, su ɗaure shi a gindin giyayya har damina ta wuce. Tunau ma'abocin zago ne, wato mashin nan mai ƙugiya da igiya da ake farautar dorina da shi, kuma maroƙa suna ce masa: Tunau na Ayashe, mai jifa ɗaya, dorina ta ga inuwarka ta fasa kiwo. Ayashe kuwa taru take saƙawa, ta ɗana tarko, kuma takan nutse cikin ruwa ta daɗe har mai jiranta a gaɓa ya fid da rai. Tsofaffi sun ce in ta shiga gulbi kadoji sukan ja gefe, kamar yadda talakawa suke kauce wa basarake a hanya.

Al'umma biyu ne suke riƙe da gulbin. A gaɓar gabas akwai Birnin Makwarwa, mai ganuwa, garin manoma da maƙera da marina, kuma Magajin Gari ne yake yanke musu shari'a a zaurensa. A gaɓar yamma akwai Rimbawa, masunta masu harshensu dabam, suna ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Ba abokan gaba ba ne. Da rani sukan ci kasuwa a kan tsibirin yashin, hatsi da ƙarfe su tafi yamma, busasshen kifi ya tafi gabas, kuma kakanninsu sun yi rantsuwa cewa duk ɓangaren da ya taka wannan yashi da rundunar makamai, ya ɗaura yaƙi da ɗayan. Suna kuma auratayya, domin inda ake kasuwa ido yakan ga abin da yake so.

Daga auratayyar nan ɓarna ta fito. A Birnin Makwarwa ɗa na ubansa ne. Sunansa, gadonsa, shari'arsa da kabarinsa duk uba suke bi. A wurin Rimbawa kuwa ɗa na cikin da ya fito ne. Kawunsa ne yake tsaya masa, shi kuma yake gada. Saboda haka wanda ubansa ɗan birni ne, uwarsa Barimba, gida biyu gare shi, kowane ɓangare yana cewa nasa ne. Wanda kuwa ubansa Barimbe ne, uwarsa 'yar birni, birni ya ce ya bi ubansa, Rimbawa su ce ya bi uwarsa, ya wayi gari ba shi da kowa. Waɗannan marasa kowa su ake kira 'yan tsakani. 'Yan birni suna musu ba'a da kifin tudu, Rimbawa suna ce musu kajin ruwa. Amma su ne masu fito, su suke haye da mutane gulbi, su ne kuma tafintoci a kasuwa, domin sun sha harsunan nan biyu tun a goye. Ana amfani da hannunsu da bakinsu kullum, ba a taɓa zama an tambaya wa zai ji kukansu ba ran da aka zalunce su.

Tunau da Ayashe daga cikinsu suke. Mahaifinsu Barimbe ne, mahaifiyarsu Kuluwa 'yar Unguwar Marina ce a birni, kuma dukansu sun rasu kafin abin da za a faɗa ya auku. A nan ya kamata a tsaya a gyara wata ƙarya da marasa kunya suke yaɗawa har yau, wai Ayashe baiwa ce da ta gudo, ko kuwa wai ba ta hanyar aure aka same ta ba. Mu da muka fito daga tsatsonta ba mu lamunci wannan ba, ba kuwa za mu lamunta ba. An ɗaura auren iyayenta gaban shaidu na gaɓa biyu, an kai amarya da kiɗa a cikin jirgi, kuma kowace tsohuwa ta gidanmu ta san sunayen waɗanda suka raka ta. Abin kunyar yana kan dokokin nan biyu da suka bar ɗan halal ba shi da inda zai kai ƙara.

A wata shekara wata dorina ta tare mashigin gulbin. Ba irin dorinar da aka saba gani ba ce. An ce ciyawa ta tsiro a gadon bayanta, tsuntsaye suna sheƙa a ciki, kuma in ta yi hamma ana jin warin bakinta daga ganuwar birni. Ta kifar da jirage, ta tattake gonakin fadama, kasuwa ta mutu. Magajin Gari Barmo da Sarkin Ruwa Kwaire, kowa a nasa ɓangaren, suka yi shela cewa wanda ya kashe ta ya kawo haurenta, shi ne Sarkin Mashigi, fito da kasuwa duk suna hannunsa.

Akwai wani saurayi mai suna Jatau da ya sa wa sarautar nan ido. Ubansa ƙanen Magajin Gari ne, uwarsa ƙanwar Sarkin Ruwa ce. A birni ɗan gidan sarauta ne, a wurin Rimbawa kuwa shi ne magajin kawunsa. Tun yana yaro in ya yi laifi a gabas sai ya haye yamma, in ya yi a yamma ya dawo gabas, ko'ina da mai rufa masa asiri. Ya fita neman dorinar da makaɗi da 'yan rakiya, amma bai taɓa matsawa inda za ta ji ƙamshinsa ba.

Tunau ne ya kashe ta. Ya bi ta cikin fadama har ƙafafunsa suka tsattsage, ya kwanta cikin taɓo ya jira ta fito shan iska, ya sa mata zago a bayan kunne. Ta ja kwalekwalensa sama da ƙasa cikin gulbi har ƙarfinta ya ƙare, ruwa ya kai gawarta mashigin gabas. Jama'ar gaɓa biyu suka taru da rana tsaka ana guɗa. Tunau yana durƙushe yana cire haure, jini har gwiwar hannu, sai ga Jatau ya ratso taron, ya ce a miƙo masa. Ya ce sarauta ba ta zama a kan wanda ba shi da gida, don haka haure a hannun Tunau ƙashi ne kawai. Ya ce Tunau ya ba shi, shi kuwa zai sa a ɗebar masa nama mai yawa. Tunau bai ko ɗago kai ba. Ya ce wanda yake son haure ya san inda dorinai suke kiwo. Mutane suka yi dariya. Jatau ya karɓi mashi daga hannun wani, ya soke shi ta baya, ya ɗauki haure ya tafi.

Ba wanda ya kama shi. Akwai maza a wurin da suka fi shi ƙarfi, waɗanda dorinar ta ci 'yan uwansu, waɗanda yanzun nan suka gama yi wa Tunau kirari. Suka dubi juna, kowa yana jiran mai haƙƙin jini ya yi magana, kuma kowa ya san babu shi. Daga nan suka koma yankan nama.

Ayashe ta ɗauki gawar yayanta ta shimfiɗa a kwalekwale, ta lulluɓe da zanenta. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga birni ta durƙusa a zauren Magajin Gari Barmo, ta ce an kashe ɗan uwanta a mashiginsa, gaban mutanensa, ta zo neman shari'a. Ya tambaye ta ita 'yar wace ce. Ta ce uwarta Kuluwa ce ta Unguwar Marina, kuma rinin rigar da ke jikinsa ma daga karofin kawunnanta ya fito.

"Ban tambaye ki uwa ba, yarinya," in ji Barmo. "Wa ya haife ki?"

Da ta faɗi sunan mahaifinta, sai ya ce abin ya ba shi tausayi ƙwarai, amma zauren nan na 'ya'yan ubanni ne, ta haye wurin dangin ubanta su ji kukanta. Wani bafade ya ce kifin tudu ya zo neman inuwa, sauran suka ƙyalƙyale. Ta roƙi ko da wurin kabari ne. Aka ce makabartar birni kowa a gefen ubansa yake kwanciya, to, Tunau a gefen wa za a sa shi?

Ta haye yamma. Ta gai da Sarkin Ruwa Kwaire da harshensa, ta kira shi Baba, domin mahaifinta a jirginsa ya koyi kamun kifi. Kwaire ya ce ya san mahaifinta, mutumin kirki ne, har ya share hawaye. Sa'an nan ya ce jini ciki yake bi, cikin da ta fito kuwa na birni ne. Ya ce ta koma wurin kawunnanta, su ne masu neman jinin Tunau. Kabari ma haka, Rimbawa kowa a tudun uwarsa ake rufe shi. Duka wannan yana faɗa, Jatau yana zaune a gefensa, haure a cinya, ana shafa masa mai a kafaɗa.

Ayashe ta koma tsibirin yashi da gawa. A nan aka ga abin mamaki na farko: gawar Tunau ta ƙi kumbura, ƙuda bai sauka a kanta ba, ungulu ta kewaya sama ta wuce, kuma jinin raunin ya ƙi bushewa, kullum ɗanye kamar yanzu aka soke shi. Masu fito suna wucewa suna gani, suna kai labari gaɓa biyu. Duk da haka aka naɗa Jatau Sarkin Mashigi, birni ya ba shi riga, Rimbawa suka ba shi ɗan jirgi mai ado, ya riƙa kewaya gulbi da makaɗinsa yana karɓar gaisuwa.

Bazara ta ƙare, ruwan farko ya sauka a can sama, gulbi ya fara tasowa. Wata safiya Jatau yana tsakiyar ruwa ana masa kiɗa, sai jirgin ya kife kamar an ture shi daga ƙasa. Makaɗin ya yi iyo ya tsira, ya waiwaya ya ga ubangidansa naɗe cikin taru, ana jansa ƙarƙashin ruwa zuwa tsibiri. Ayashe ta fito da shi kan yashi, ta ɗaure shi a jikin kwalekwalen da gawar take ciki, fuskarsa daf da fuskar Tunau. Ta ɗauko zagon yayanta, ta ɗora tsininsa a maƙogwaron Jatau, ta zauna.

Kafin rana ta take, 'yan tsakani sun ji. Suka ajiye fito, suka ɗebo matansu da tsofaffinsu, suka kewaye tsibirin da jiragensu. Barmo ya tara mayaƙa a gaɓar gabas, Kwaire ya tara nasa a yamma, kowa zai ceto ɗansa. Sai kowanne ya hangi masun ɗayan suna walƙiya a ƙetare, ya tuna da rantsuwar kakanni: wanda ya fara taka yashin da makami ya ɗaura yaƙi. Suka so su yi shawara da juna, sai suka tarar babu mai juya musu magana, domin duk wanda ya iya harsunan biyu yana tsibiri, ko zaune a jirgi, ko ɗaure cikin taru. Manyan sarakuna biyu suka tsaya suna ɗaga wa juna hannu daga nesa kamar bebaye. Ruwa kuwa yana hawa, kowace safiya yashin ya ragu.

Barmo ya fara gwada dabara. Ya aiko da wata tsohuwa, yayar Kuluwa, aka haye da ita. Ta zo tana kuka, ta ce Magajin Gari ya yarda a nema wa Ayashe uba na suna a cikin birni, a ba ta ɗaki cikin ganuwa, a kuma rufe Tunau a gefen makabarta ba tare da surutu ba, in dai ta saki yaron.

"Inna," in ji Ayashe, "ran da na durƙusa a zauren nan kina cikin gari, ban ga ƙeyarki ba. Ubana ɗaya ne, na kuwa san kabarinsa, ba na neman na aro. Dubi jiragen nan. Su wa za a ara wa uba?"

Kwaire ma ya aiko da irin wannan: za a lissafa ta cikin 'ya'yan wata tsohuwar Barimba da ba ta haihu ba, ita kaɗai. Ta mai da manzon da amsa guda. Ta ce a gaya wa sarakunan su zo da kansu, ba makami, ba rakiya, su zo tare. In ba haka ba ruwa ya cinye su uku, ita da mamaci da mai kisa, kuma zago zai riga ruwan.

Sai da yashi ya rage kamar faɗin zaure, ruwa yana lasar gindin kwalekwalen, sannan suka zo. Masu fito suka ɗauko su, ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma, suka sauke su cikin ruwa iya idon sawu. Jatau ya ga baffansa da kawunsa, ransa ya dawo, ya fara zagin Ayashe. Barmo ya tattare rigarsa, ya daka mata tsawa, ya ce ta kama ɗa, ta ɗaure shi kamar akuya, wannan laifi ne babba, kuma a zaurensa zai yanke mata hukunci. Wani dattijo cikin masu fito ya juya wa Kwaire maganar. Kwaire ya ce a'a, magajinsa ta kama, a cikin ruwansa, shi ne zai hukunta ta.

Ayashe ba ta ɗage zagon ba. Ta yi magana da Hausa, ta sake da Rimbanci, kalma bayan kalma.

"Ranka ya daɗe, da wace shari'a za ka hukunta ni? Kai ka ce zaurenka ba nawa ba ne. Baba, kai ma ka ce ba cikinku na fito ba. In babu mai jin ƙarata, babu mai jin ƙara a kaina. Sai in soke shi yanzu, ku koma ku ci abinci, kamar yadda aka koma yankan nama ran nan. In kuwa shari'arku ta kai kaina, to, ta kai kan wannan da ke kwance, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Kuma jininsa ya riga igiyata. Ku zaɓa."

Daga nan Barmo, yana kallon tsinin zago, ya ce shari'ar birni ta kai kanta, ta kai kan Tunau. Kwaire ya faɗi haka game da ta Rimbawa. Nan take kowanne ya ce to, a ba shi Jatau ya tafi da shi gida ya yi shari'ar. Ayashe ta yi dariyar da ba ta da daɗin ji. Ta ce ta san wannan hanya, ita Jatau yake bi tun yana yaro. A nan za a yi, su biyu a zaune wuri ɗaya, abin da ɗaya ya faɗa a juya wa ɗayan, jama'a suna ji. Babu tabarma, babu buzu. Magajin Garin Makwarwa da Sarkin Ruwan Rimbawa suka zauna cikin ruwa, rigunansu suna yawo a kewayensu.

Aka tambayi Jatau. Da ya musa, da an sha wuya, domin shaidun ran nan matsorata ne, kuma 'yan tsakani ba a taɓa karɓar shaidarsu ba. Amma bai ga abin musu ba. Tun haihuwarsa bai taɓa jin an kira irin wannan kisa laifi ba.

"Baffa, Kawu, wai me ake tambaya?" in ji shi. "Ni na soke shi, kowa ya gani. Ya yi mini rashin kunya gaban jama'a. Ɗan tsakani ne fa. Ku sa ta kwance ni, igiyar nan ta ci mini hannu."

Kwaire ya sunkuyar da kai. Barmo ya rufe fuska da hannun riga. Bakin da ya ce shari'a ta kai kan Tunau bai bushe ba, ga mai kisa ya amsa da kansa gaban al'umma biyu, babu sauran mafita. Barmo ya yanke irin ta birni: wanda ya kashe ɗa, a cire shi daga sunan ubansa, a fitar da shi ƙofar gari, kada ya sake shiga. Kwaire ya yanke irin ta Rimbawa: a karya masa filafilin tuƙin jirgi, a yanke shi daga cikin uwarsa, kada wani jirgi ya sake ɗaukarsa. Suka dubi Ayashe suna zaton ta sami abin da take so, domin ga Jatau mai gida biyu ya zama ba shi da ko ɗaya. Wasu cikin masu fito har sun fara murna.

Ayashe ta miƙe tsaye, ta ce ba ta karɓa ba.

"Ashe har yanzu ba ku ji ba. Na zaunar da ku cikin ruwa don a daina yin mutumin da ba shi da kowa, kun tashi za ku ƙara mini ɗaya. Ku kore shi, gobe wani ya soke shi a daji, ba mai tambaya, ku ce an yi adalci. Ba tausayinsa nake ji ba. Da son raina ne da tuni ya bi Tunau. Naku ne, ku biyu, kun shafa masa mai, ku riƙe abinku. A hukunta shi yana ɗanku, a inda idona zai riƙa ganinsa."

Suka tambaye ta wane hukunci ne wannan, tun da babu shi a gabas, babu shi a yamma. Ta ce ai shi ya sa suke zaune tare, su yi sabo. Ta nuna gawar, ta ce ga mutum birni ya hana shi ƙasa, Rimbawa sun hana shi ƙasa. To, ƙasar ta zo ta same shi.

A kan haka aka tsaya. Aka kwance Jatau, aka tuɓe masa rigar sarauta, aka ɗora masa gammo da kwando. Hukuncinsa shi ne ya ɗebo ƙasa kwando ɗaya daga gabas, kwando ɗaya daga yamma, ya zuba a kan yashin, ya koma, muddin ransa. Saboda ruwa yana hawa, ran nan ba shi kaɗai ya yi ɗauka ba. Barmo ya sa kwando a kan rawaninsa, Kwaire ya sa nasa, mayaƙan gaɓa biyu suka jingine masu suka bi layi, masu fito suna kai da kawowa. Jar ƙasar birni da baƙar laka ta yamma suka haɗu suka yi tudu, aka haƙa kabari a kansa, aka rufe Tunau da zagonsa. Waɗanda suka sa shi a rami sun ce a lokacin ne jinin raunin ya bushe. A wannan damina gulbi ya yi cikar da ba a taɓa gani ba, ya ci gonaki, ya taɓa ganuwa, amma da ya iso gindin tudun sai ya rabu biyu ya kewaye shi.

Kafin sarakunan su bar wurin, Ayashe ta sa suka yi rantsuwa, Barmo a kan ƙarfe, Kwaire a kan ruwa, kowa da abin da yake tsoro. Duk wanda aka haifa a bakin Gilma, ko ta uwa ko ta uba, yana da tsayawa a gabas, yana da ita a yamma. Duk shari'ar da ta haɗa mutanen gaɓa biyu, a kan tudun za a yi ta, masu hukunci biyu a zaune tare. Kuma ba a tambayar mai ƙara ɗan wane ne sai an gama jin abin da aka yi masa. Ita ma aka yi mata shari'ar ɗaure mutum, kamar yadda ta ce. Aka yanke mata ta saƙa wa kowace gaɓa taru, ta saƙa, ta kai da kanta, ba ta gai da kowa ba.

An yi mata tayin sarautar mashigi ta ƙi, ta ce haure ya riga ya sha jini. Ta zauna a kan tudun, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, 'yan tsakani suka kafa gidaje kewaye da ita. Jatau kuwa ya yi ta ɗauka, rani da damina, har gammo ya cinye gashin kansa, wuyansa ya lanƙwashe. Kullum ta gaban ƙofarta yake wucewa. Ba ta taɓa yi masa magana ba, ba ta yafe ba, ba ta kuma bari wani yaro ya jefe shi ba. Ran da ya mutu wasu suka ce a tura gawarsa gulbi. Ta fito da sandarta, tana tsohuwa tukuf, ta tsaya a kansu har aka kawo ƙasar gaɓa biyu aka rufe shi kamar kowa. Ba ta zub da hawaye ba, ta juya ta shiga gida. Shi ya sa mata suke mata kirari ran biki: Ayashe mai taru, wadda ta zaunar da sarakuna cikin ruwa, gabas ta ƙi ki, yamma ta ƙi ki, kika sa suka zo da ƙasa a ka.

Garin da ya tashi a wurin shi ne Tudun Kwando, kuma kabarin Tunau yana tsakiyarsa, kewaye da ɗan gini, inda har yanzu dattawan gaɓa biyu suke zama su raba gardama kafin ta yi nisa. Ganuwar Makwarwa ta zube, jikokin Rimbawa da yawa sun manta harshen kakanninsu, amma a Tudun Kwando ba a rufe mamaci, ɗan gari ne ko baƙon da ajali ya riska a hanya, sai an zuba masa ƙasar gabas da ta yamma. Wanda ya zo jana'iza da kwando ɗaya, komai girman rawaninsa, akan mai da shi jirgi ya haye ya ciko na biyu, gawa tana jira.